Jallikattu da Wasannin Jarumta na Indiya: Gado Ne ko Ganganci?

Duk shekara idan watan Janairu ya raba, sai bidiyon nan ya sake zagaye wayoyi. Wani baƙin bijimi, ƙahoninsa a tsaye tamkar masu, ya faso a guje daga wata 'yar siririyar ƙofa. Samari sanye da riguna masu lamba sun yi cirko-cirko suna jiransa. Ɗaya ya daka tsalle ya rungume tozon, bijimin ya yi sama da shi sau biyu, a na uku ya watsar da shi gefe, jama'a suka ɓarke da sowa. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, da yawanmu mun ɗauka siddabarun fim ne. Wasu sun zaci irin wasan Sifaniya ne, wanda ake soke sa da takobi har ya mutu. Wasu kuwa nan take suke yanke hukunci cewa ganganci ne kawai.

Sunan wasan Jallikattu, gidansa jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya. Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta shi a 2014, ta dawo ta amince da shi a 2023. A tsakanin nan, saboda shi dubun dubatar mutane suka yi kusan mako guda suna kwana a bakin teku a birnin Chennai. To me ke cikin rungumar tozon sa da har zai girgiza gwamnati? Ina ya tsaya cikin sauran wasannin jarumtar ƙasar? Kuma wa ke cin riba, wa ke kwana ciki?

Yadda ake yin wasan

Lokacinsa shi ne Pongal, bikin girbin Tamilawa na kwana huɗu a tsakiyar Janairu, wanda a cikinsa ake ware wa shanu rana guda, a wanke su, a yi wa ƙahoninsu fenti, a rataya musu furanni. Manyan filayen wasan guda uku duk suna gundumar Madurai, kuma a jere ake yin su kwana uku: Avaniyapuram, sai Palamedu, sai Alanganallur wanda ya fi kowanne suna.

Ƙofar da bijimin ke fitowa ana kiranta vadivasal. Ɗai-ɗai ake sakin shanun. Gaban ƙofar ana shimfiɗa zaren ɓawon kwakwa don rage zafin faɗuwa. Ɗan wasa ba ya riƙe da sanda ko igiya ko wuƙa, hannunsa kawai. Tozo kaɗai aka yarda ya kama. Ba a kama ƙaho, ba a jan wutsiya, kuma mutum ɗaya ne zai riƙe sa ɗaya. In ya maƙale har bijimin ya yi tsalle uku ko ya wuce iyakar da aka shata, ya ci. In ya faɗi, bijimin ne ya ci, kyautar ta mai shi ce. Ba a kashe san, gida ake komawa da shi.

Sunan ya fito ne daga kalmomin Tamil biyu, salli wato tsabar kuɗi, da kattu wato ƙulli, domin a da can ƙullin kuɗi ake ɗaurawa a ƙahon. Tsohon sunan kuwa, eru thazhuvuthal, ma'anarsa rungumar bijimi, kuma yana cikin tsofaffin waƙoƙin Tamil na zamanin Sangam, musamman kundin Kalithogai, waɗanda shekarunsu suka haura dubu da ɗari biyar. Waƙoƙin sun nuna cewa a cikin makiyaya, saurayin da ke tsoron ƙahon sa ba ya samun kallo daga budurwa. Wanda ya taɓa ganin hawan ƙaho na mahautanmu zai gane irin zuciyar da ake nema. Bambancin shi ne namu ƙaho yake faɗawa kuma san yana ɗaure da igiya, nasu tozo yake nema kuma san a sake yake.

Dangin da wasan ya fito daga ciki

Indiya na da irin waɗannan wasanni kashi biyu. Akwai fasahohin yaƙi da aka gada daga zamanin takobi da garkuwa. Akwai kuma wasannin kasada na lokacin buki, inda ake gwada ƙarfin zuciya a gaban jama'ar gari. Jallikattu na kashi na biyu ne, amma ba za a fahimce shi sosai ba sai an leƙa na farko, domin ƙaddararsu iri ɗaya ce.

Wanda ya fi cancantar a dakata a kansa shi ne Kalaripayattu na jihar Kerala. Makarantarsa ana kiranta kalari: ɗaki ne da ake haƙa ƙasansa ya nutse, tsawonsa ƙafa 42, faɗinsa ƙafa 21, daɓensa jar ƙasa. A kusurwar kudu maso yamma akwai wani dandamali mai hawa bakwai, puttara, wurin ibadar gidan. Yaro yakan fara tun yana ɗan shekara bakwai. Zai shafe jikinsa da man riɗi, ya sa ƙafar dama ya shiga, ya taɓa ƙasa, ya gaida malaminsa wanda ake kira gurukkal. Shekaru zai yi bai taɓa makami ba, sai lanƙwasa jiki da ɗaga ƙafa da tsalle da kwaikwayon tsayuwar giwa da zaki da doki da maciji. Daga nan a ba shi sanda. Sai bayan ya ƙware a itace a ba shi ƙarfe: wuƙa, mashi, takobi da garkuwa, har zuwa urumi, takobin nan mai laushi kamar bulala da ake naɗewa a ƙugu, wanda ɗan koyo kan iya yanka kansa da shi kafin ya yanki kowa. Faɗa da hannu tsura shi ne darasin ƙarshe. Malaman suna da wata magana da suke yawan maimaitawa, wai sai jiki duka ya zama ido.

Abin da ya fi burge ni game da gurukkal shi ne mai koyar da bugu shi ne kuma maɗorin gari. Ya san wuraren da ake kira marma, gaɓoɓin jiki fiye da ɗari da bugu ɗaya a kansu kan kayar da ƙato, kuma da wannan sanin yake gyara targaɗe da karaya. Da damina yakan riƙe igiya da ke rataye a rufin ɗaki, ya taka ɗalibi da tafin ƙafa yana masa tausa da mai. 'Yan rawar gargajiyar Kerala ta Kathakali ma daga nan suka aro horon jikinsu. Kuma duk da tushensa na addinin Hindu, Musulmin Malabar, yankin arewacin jihar, da Kiristocin Kerala sun daɗe da nasu malaman da makarantun.

Akwai wata magana da ake yawan yaɗawa, cewa wani malamin addinin Buddha mai suna Bodhidharma ne ya ɗauki wannan fasaha daga kudancin Indiya ya kai gidan ibadar Shaolin a ƙasar Sin, daga nan aka sami kung fu. Labarin da daɗin ji, amma rubutun da ya fara haɗa sunansa da horon faɗa na ƙarni na 17 ne, kusan shekara dubu bayan zamaninsa. Kalaripayattu bai bukatar wannan aron riga.

Sauran dangin suna nan kowanne da jama'arsa. Tamilawa na da Silambam, wasan gora. Mabiya addinin Sikh a Punjab na da Gatka, wanda ake baje kolinsa duk shekara a bikin Hola Mohalla a Anandpur Sahib, bikin da Guru Gobind Singh ya kafa don mabiyansa su riƙa gwajin yaƙi. Manipur na da Thang-Ta, wato takobi da mashi. Maharashtra ta raini Mallakhamb, inda ɗan wasa ke juyi a kan gungumen itace da aka shafe da mai, asalinsa kuwa horon 'yan kokawa ne. Ita kanta kokawar, kushti, a kan ƙasa mai laushi ake yin ta a gidajen da ake kira akhara, kuma daga nan Ghulam Muhammad, wanda duniya ta sani da Gama, ya fito har ya je Landan a 1910 ya gagari manyan 'yan kokawar Turai.

Karon farko da doka ta taka su

Ba tsufa ne ya fara raunana waɗannan fasahohi ba, doka ce. Bature ya lura cewa gidan da ake koyon takobi shi ne gidan da ake haifar tawaye. A Malabar, lokacin da sarki Pazhassi Raja ke yaƙar Kamfanin Gabashin Indiya daga cikin dazukan Wayanad, Turawa sun fito da dokar ƙwace makamai a 1804, makarantun kalari da yawa suka rufe. Dokar makamai ta 1878 ta game ƙasar duka. A Manipur ma, bayan yaƙin 1891, an hana Thang-Ta. Abin da ya tsira ya tsira ne a ɓoye, ko a cikin rawa da bukin ibada, inda mai mulki zai gani ya ɗauka nishaɗi ne. Sai a shekarun 1920, da guguwar neman 'yanci ta taso, aka fara farfaɗo da Kalaripayattu daga garin Thalassery.

Wannan tarihi ne ya sa duk lokacin da wata hukuma daga nesa ta ce a daina wani wasan gado, mutanen wurin ba dokar kaɗai suke ji ba, tsohon miki ake fama musu.

Yadda shari'ar Jallikattu ta gudana

Indiya na da dokar hana azabtar da dabbobi tun 1960. Bayan ƙararraki sun yi yawa, Tamil Nadu ta yi dokar tsara wasan a 2009. A 2011 ma'aikatar muhalli ta tarayya ta sa bijimai cikin dabbobin da aka hana yin wasa da su. Ranar 7 ga Mayun 2014 Kotun Ƙoli ta haramta Jallikattu da tseren amalanken shanu, ta soke dokar jihar. Gwamnatin tarayya ta nemi buɗe ƙofa a Janairun 2016, kotu ta sake rufewa cikin 'yan kwanaki.

Da Pongal na 2017 ya zo, shekara ta uku ke nan babu wasa, sai tura ta kai bango. An kama masu zanga-zanga a Alanganallur, sai jama'a suka fara kwarara bakin tekun Marina a Chennai. Yawancinsu ɗalibai ne da ma'aikatan ofis 'yan birni, waɗanda da yawa ba su taɓa riƙe igiyar sa ba. Ba su da shugaba, kuma sun ƙi barin 'yan siyasa su hau musu mumbari. Gwamnatin jihar ta fito da dokar gaggawa ranar 21 ga Janairu, majalisa ta mayar da ita cikakkiyar doka ranar 23, ranar da kuma 'yan sanda suka tarwatsa taron aka ƙare da tarzoma.

Me ya kawo ɗan birni cikin maganar sa? A ganina san dalili ne kawai da ya zo a kan gaɓa. Tamilawa sun daɗe suna jin Delhi na yi musu kallon saniyar ware. Sun yi boren ƙin tilasta musu harshen Hindi a 1965, suna da tsohuwar rigimar ruwan kogin Kaveri da maƙwabciyarsu Karnataka, ga fari ya ci manoma a 2016. Sai hana Jallikattu ya zama wurin da duk wannan haushi ya taru.

Ranar 18 ga Mayun 2023, alƙalai biyar na Kotun Ƙoli ƙarƙashin Mai Shari'a K. M. Joseph suka tabbatar da dokar Tamil Nadu, tare da irinta ta Karnataka da ta Maharashtra. Hujjarsu biyu ce. Sababbin ƙa'idojin sun rage wahalar da dabbar ke sha sosai, kuma idan majalisar jiha ta ce abu al'adar mutanenta ne, ba aikin kotu ba ne ta ce ƙarya ne.

Abin da masu adawa ke riƙe da shi

Hukumar kula da walwalar dabbobi ta Indiya da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA sun kai wa kotu hotuna da bidiyo, kuma abin da ke ciki ba daɗin gani. An nuna ana murɗe wutsiyar sa har da cizo, ana tsokanarsa da tsinken ƙarfe a bayan ƙofa, ana ɗura masa barasa, ana shafa masa barkono a ido da hanci, ana barinsa tsaye a layi awanni babu ruwa. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce sa ba dabbar faɗa ba ce. Gudun nan da ake wa sowa gudun tsoro ne, kuma sai an firgita shi yake yin sa. Suna kuma tunatar da cewa tsarin mulkin Indiya da kansa ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa nauyin tausaya wa mai rai.

Sai rayukan mutane. Babu shekarar da ba a rasa rai, jikkata kuwa ɗaruruwa, kuma sau da yawa ba ɗan wasa ne ke mutuwa ba, ɗan kallo ne ko mai wucewa da bijimi ya ci karo da shi bayan ya fita fili yana neman hanyar gida.

Abin da masu karewa ke riƙe da shi

Hujjar manomi ta aljihu ce kafin ta zama ta al'ada, kuma Bahaushe mai kiwo zai gane ta nan take. Tamil Nadu na da nata irin shanun, kamar Kangayam da Pulikulam da Umbalachery, masu tozo, masu jure zafi da fari, amma nononsu kaɗan. Da tarakta ta zo, aikin garma da amalanke ya ragu. Da aka kawo shanun waje irin su Jersey masu cika bokiti, manomi ya koma kansu, barbara kuma ta koma ta allura. To me zai sa mutum ya ciyar da ɗan maraƙi namiji shekara da shekaru bai dandaƙe shi ba, bai kai shi mahauta ba? Jallikattu ne dalilin. Bijimin da ya gagari samari, darajarsa na tashi, kuma shi ake kai wa shanun gari barbara. Masu shi sukan kai shi iyo a tafki, su tara masa tudun ƙasa yana tona da ƙaho don wuyansa ya yi ƙarfi, su ba shi dusa da 'ya'yan auduga, su kira shi da suna kamar ɗan gida.

Masu adawa na amsa cewa tarakta ce ta rage shanun, ba kotu ba, kuma gonakin gwamnati na iya adana irin. Gaskiya ne, amma ni ban ga yadda gonar gwamnati za ta maye gurbin dubban gidajen da ke kiwon bijimi da kuɗinsu don suna so ba. A nan masu karewa sun fi hujja. Inda hujjarsu ta gaza shi ne barkono a idon dabba ba ya cikin waƙoƙin Sangam, kuma babu wata al'ada da za ta wanke shi.

Wanda ke ƙasan dala

Akwai maganar da ba a cika ɗagawa a wurin taro ba. Masu manyan bijimai galibi masu gonaki ne daga rukunonin da ke da ƙarfi a ƙauye, kuma 'yan Dalit, waɗanda tsarin asali ya ajiye a ƙasa, sun sha ƙorafin cewa a wasu garuruwa ana mayar da su 'yan kallo. Kyaututtukan yau sun kai mota da babur da tsabar zinariya, 'yan siyasa ke rabawa a gaban kyamara. Mai tsayawa gaban ƙahon kuwa ɗan talaka ne, lebura ko ɗan ƙwadagon gona, wanda in haƙarƙarinsa ya karye gidansu ya rasa mai ciyarwa.

Haka abin yake a Dahi Handi na Mumbai da Thane. Washegarin bikin haihuwar Krishna, abin bautar Hindu, ana rataye tukunyar kindirmo can sama, samari su hau kafaɗun juna hawa-hawa, wani lokaci har hawa tara, mafi ƙanƙanta a ƙoli shi zai fasa tukunyar. In dalar ta rushe, asibitoci su cika. Kotuna sun sha shiga maganar tsawo da shekarun yara. A Agustan 2022 gwamnatin Maharashtra ta ayyana shi a matsayin wasan kasada na hukuma, da alkawarin inshora da diyya. Wannan ya fi tafi da sowa amfani ga uwar yaron da ya faɗo.

Da gwamnati ta rungume su

A ƙarshen 2020 ma'aikatar wasanni ta shigar da Kalaripayattu da Gatka da Thang-Ta da Mallakhamb cikin gasar matasa ta Khelo India. A 2017 an ba Meenakshi Amma ta garin Vadakara lambar girma ta Padma Shri, tsohuwa mai sama da shekara saba'in da ke juya takobi cikin sari tana koyar da yara mata da maza. Ga ɗan talaka, wannan na nufin tallafin karatu da takardar shaidar da kan taimaka wajen neman aiki. Ga malami kuwa, ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido.

Sai dai gasa tana son maki da agogo, kuma abin da ba ya aunuwa shi yake fara zubewa: ɗori, tausa, shekarun da ake yi kafin a taɓa makami. Labarin Srinivasa Gowda ya nuna yadda ma'aunin waje ke kasa auna wasan gida. Lebura ne a wurin gini, yana tseren Kambala na gaɓar tekun Karnataka, inda mutum ke bin ɓaunayen gida biyu a guje cikin caɓin gonar shinkafa. A Fabrairun 2020 ya yi mita 142.5 cikin daƙiƙa 13.62, aka lissafa aka ce ya wuce Usain Bolt, ministan wasanni ya gayyace shi gwaji. Shi kuwa ya nuna cewa abin ba ɗaya ba ne: a caɓi da dunduniya ake gudu, a filin tsere da yatsu, kuma dabbobin na jansa.

Jallikattu ma yau ya sha bamban da na shekara ashirin da suka wuce. Likitan dabbobi na duba kowane sa, ana gwada 'yan wasa ko sun sha barasa, ana yin rajista, ana kafa shinge biyu tsakanin fili da 'yan kallo, motar asibiti na tsaye. Inda aka bi ƙa'ida, an sami sauƙi. Inda idon hukuma bai kai ba, a ƙananan ƙauyuka, tsohon hali na nan. A Janairun 2024 babban ministan Tamil Nadu na lokacin, M. K. Stalin, ya buɗe wani katafaren filin wasa da aka gina musamman don Jallikattu a Keelakarai, kusa da Alanganallur, da kujeru da komai. Amma mutanen Alanganallur ba su bar tsohuwar ƙofarsu ta cikin gari ba. A can, da sassafe, bayan 'yan wasa sun yi rantsuwar ba za su cuci dabba ba, bijimin haikalin gari ake fara saki. Yakan fito da furanni a wuya, samari su dare masa hanya, babu mai kai hannu ga tozonsa har ya wuce.